Na Taɓa Kunkuru, An Tsayar da Ni a Bakin Shingen Gidanmu

Gwaggo Soazara,

Don Allah ki ba ni shawara, kuma kada wasiƙata ta daɗe a cikin tarin da ke gabanki, domin mahaifina yana kwance, ban san ko zai ga sabon wata ba. Ki yi haƙuri idan na yi tsawo. Ni mutum ne da ba ya iya faɗin abu rabi, tun a makaranta ake yi mini tsiya a kan haka.

Shekarata ashirin da biyar. Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma ni kaɗai ne namijin da ya rayu. Bara na gama karatun ilimin dabbobi a birnin Toliara, ni ne na farko a ƙauyenmu, kudu da garin Tsihombe, da ya yi nisa haka. Bayan dogon zaman jira, wata ƙungiya mai kula da kunkuru ta ɗauke ni aiki. Aikina shi ne haɗa kan komai. Idan jandarmomi suka kama kunkuru a hannun masu fasa-ƙwauri ni suke kira, in nemo mota, in sanar da likitan dabbobi, in tanadi ruwa da ganye a wurin jinya, sannan in zauna da dattawan ƙauyuka mu daidaita a kan dajin da za a saki waɗanda suka warke. Rabin aikin waya ne, rabi kuma zama ne a gindin tsamiya ana jiran tsoho ya gama magana.

Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni. Akwai waɗanda suka fi ni sakamako. An ɗauke ni ne saboda ni ɗan wannan yanki namu na Androy ne, dattawa za su saurare ni. Na san ke 'yar bakin teku ce, Gwaggo, bari in faɗa miki yadda abin yake a wajenmu. Sokake, kunkurun nan mai zanen tauraro a baya, kakanni sun hana mu shi. Ba ma cin sa, ba ma kashe shi, ba ma taɓa shi ko da yatsa. In ya tare hanya a kewaye shi, in ya shiga gonar dankali a sa sanda a tura shi a hankali. Wannan hanin ne ya sa har yau akwai shi a dajinmu, alhali ya ƙare a wuraren da ake cin sa. Ni da kaina na rubuta haka a kundin kammala karatuna, har malamai suka yaba.

Yarjejeniya ta farko da na ƙulla a ƙauyenmu ce. Baffana Tsimihole, wan mahaifina, shi ke riƙe da wuƙar yanka ta zuriyarmu, shi ke yi wa kakanni magana a madadinmu. Ya daɗe yana ƙi. Cewa yake, "Kai yaro, kunkurun da ya kwana a buhun ɓarayi, ya sha hannun baƙi, shi za ka zubo mana kusa da kaburbura?" Daga baya ya yarda bisa sharaɗi: baƙi ne za su riƙa ɗauka da saukewa, ni kuwa da nake jininsu ba zan sa hannu ba. Na yi alkawari a gaban jama'a. Da zuciya ɗaya na yi shi, domin a lokacin gani nake aikina na baki ne da waya.

A watan Nuwamba, ana tsakiyar zafi, ruwa bai sauka ba, jandarmomi suka tare wata motar gawayi. A ƙarƙashin gawayin akwai kunkuru ɗari huɗu da goma sha biyu, yawancinsu ƙanana, kamar tafin hannu, irin waɗanda ake fitarwa ƙetare a sayar wa masu ajiye su a gida don ado. An ɗura su a buhuna, wasu an naɗe musu ƙafa da salatif don kada su yi motsi. Motar ta iso wurin jinya da rana tsaka. Likitanmu yana can garin Ambovombe, nesa da mu. Masu kula da dabbobin su biyu ne, mutanen gabas da ba su da wannan hani, ɗaya kuma ya tafi jana'iza. Saura mutum ɗaya, sai ni. Da ya kwance buhun farko wari ya buge mu. A duka buhunan, sittin da ɗaya sun riga sun mutu. Sauran idanunsu sun faɗa, wasu a kife, na sama sun danne na ƙasa. Kunkurun da ƙishi ya kai shi haka, maganinsa a zaunar da shi nan take cikin ruwa marar zurfi, kansa a waje, a inuwa. Da sanda na fara, Gwaggo, na rantse da sanda na fara. Amma sanda ba ta ɗaga kunkuru ta sa shi a baho. Ina kallo wani ƙarami ya miƙa wuya, ya sake shi a ƙasa, bai ƙara janyewa ba. Sai na ajiye sandar. Har rana ta yi sanyi ina ɗauka ina sawa. Cikin ɗari uku da hamsin da ɗaya da muka tarar da rai, goma sha tara ne suka ƙara mutuwa. Likita da ya iso ya ce da shi aka jira, da an yi asarar kusan rabi.

Abokin aikina ya ɗauki hoto saboda rahoto. Shugabata, Madam Lalaina, 'yar babban birni ce, mutuniyar kirki ce kuma, ba zan ce ba ita ba ce. Ta ga hoton ya yi mata kyau, ta sa shi a shafin ƙungiya har da sunana, tana yabona. Ba ta tambaye ni ba, domin ba ta ga abin tambaya a ciki ba. Ranar kasuwar Tsihombe aka riƙa miƙa waya daga hannu zuwa hannu: ga ni a durƙushe, kunkuru ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Da na je gida, Baffa ya tare ni a bakin shingen ƙaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tsaya nan, mai digiri. Hannun da ka yi aiki da shi a waje, a waje za ka ci abinci da shi." Tun daga ranar ba na shiga gida, ba na shiga garke, ba a ba ni ruwa a ƙwaryar gida. Ƙanwata Haova ce ke kawo mini rogo a wani tsohon gwangwani, ta ajiye ta ja baya. Takan yi ƙoƙarin mai da abin wasa, ta ce, "Yaya, ga na surukin kunkuru," amma idonta jawur. Waɗanda muka yi kiwo tare kuwa sun raɗa mini suna ungozomar sokake, in na wuce sai su tambaye ni ko maijego ta tashi lafiya. Wannan duk zan iya jurewa.

Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne Baba. Tun shekarar yunwar nan da muka ci tsamiya da toka jikinsa bai koma daidai ba. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura har gwiwa, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Na karanta abin da ya isa in san me wannan ke nufi. Idan ya tafi ina cikin wannan hali, ba zan taɓa gawarsa ba, ba zan ɗora dutse ko ɗaya a kabarinsa ba, kuma ranar tawa ba za a kwantar da ni kusa da shi ba.

Akwai hanyar wankewa. A yanka sa a wurin yankan zuriya, Baffa ya shafa mini jinin, in rantse a gaban kakanni ba zan ƙara taɓa kunkuru ba har in mutu. Na tambaya ko akuya za ta isa. Baffa ya ce da tuntuɓe na yi na faɗa kan kunkurun da ta isa, amma ni alkawari na karya, kuma duniya ta gani. Kafin fari Baba yana da shanu ashirin da bakwai. Yau saura sa guda, baƙi mai farin goshi, wanda ya ƙi sayarwa ko lokacin da muke cin toka, domin ƙahonsa ne zai hau kabarinsa. A wajenmu mutumin da aka rufe babu ƙaho ko ɗaya a kansa, kamar bai taɓa zama mutum ba ne. Ni kuma sabon ma'aikaci ne, ba ni da halin sayen sa yanzu, ga shi fari bai bar shanu da yawa ba. Makon jiya Haova ta kawo mini saƙon Baba, ta ce haka ya faɗa, ba ta ƙara ba ta rage ba: "Ki gaya wa ɗan banzan nan a yanka baƙin. Sa ba zai ɗauke ni zuwa kabari ba. Ɗana nake so."

Har yau ban ba shi amsa ba. In na karɓa, na cinye masa abu ɗaya tak da yunwa ta bar masa. Ga kuma rantsuwar. Na san wata motar za ta zo. Ba zato nake yi ba, a watannin da na yi a aikin nan kamu biyar aka kawo mana. Macen sokake sai ta haura shekara goma sha biyar kafin ta fara ƙwai, kuma 'yan kaɗan take yi, saboda haka duk ƙaramin da ya mutu ba a mai da gurbinsa da wuri. In na rantse, ranar da mota ta zo zan tsaya ne da hannu a baya ina kallo. In rantse kuma da niyyar karyawa, duk karatun da na yi bai kai ya sa in yi wa kakanni ƙarya ba. Da na faɗa wa Madam Lalaina cewa ta yi, "Ayya, to ai sai ka riƙa sa safar hannu." Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani. Ta kuma ce in nuna wa dattawa cewa babu abin da ke samun wanda ya taɓa. To amma in na shawo kansu cewa taɓawa ba komai ba ce, gobe samarin da ke kwana da yunwa za su ce ɗauka a sayar ma ba komai ba ce. Tuni ƙauyuka biyu suka aiko a dakata da kawo musu kunkuru. Na yi tunanin in ajiye aikin, sai na ga ajiyewar ma ba za ta wanke ni ba, baƙin san dai shi za a yanka.

Gwaggo, me zan yi? Yanzu na koma wurin aiki, ba na iya cin abinci, duk sanda waya ta yi ƙara sai in zaci Haova ce.

Naki,
Na Bakin Shinge, Tsihombe

*

Ɗana Na Bakin Shinge,

Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taka, domin kai ne ba ka da lokaci. Saboda haka ba zan yi kewaye-kewaye ba.

Ba ka yi mugun abu ba ranar nan. Rai na fita a gabanka, ka sa hannu, kuma duk mai zuciya zai gane dalilinka. Amma Baffanka ma bai zalunce ka ba. Ka yi alkawari a gaban jama'a, shi ya tsaya maka, aka ga akasin haka a kasuwa. In ya kau da kai saboda kai ɗan ƙaninsa ne, gobe da wane baki zai hana ɗan wani? Ina yarinya a gidanmu ana cin kunkuru, yau a ƙauyen da na tashi ko ƙoƙon bayansa ba za ka tsinta ba. Don haka ba ni ce zan raina haninku ba, kuma kada ka bari kowa ya sa ka raina shi, ko da shi ke biyan ka albashi.

Maganar sa: ka karɓa. San nasa ne, kabarin nasa ne, kuma ya yanke hukunci da hankalinsa. Abin da kake kira tausayi, ka duba da kyau, akwai ɗan girman kai a ciki. Ba ka so a ce saboda kai aka yanka baƙin sa. Za a ce, ɗana, kuma za a daɗe ana cewa. Ka jure. Mutumin da ya ci toka bai sayar da dabbar nan ba ya fi ka sanin darajarta, ya auna ku biyun ya ce kai ka fi. Shirun da kake yi masa, a kunnensa ƙi ne, kuma yana jin sa a kwance.

Ka fi ni sanin cewa a ƙasarku ba a gama kabari cikin mako. Ana ɗaukar watanni ana tara dutse, ana jiran dangi. Kana da aiki, kana da ƙuruciya. San da zai ba da ƙaho ana iya samo shi bayan mutuwa, amma zaman ɗa a gefen uba ba a samo shi bayan mutuwa. Ka aika masa cewa ka karɓa, kuma ba za a rufe kabarinsa babu ƙaho ba. Daga wannan watan ka fara tanadi, domin wannan alkawarin ba na karyawa ba ne. Ba zai zama baƙin mai farin goshi ba, wanda ya raina da hannunsa. Wannan asara ce ta gaske, ba zan ce maka ba ita ba ce.

Rantsuwar ta fi wuya, amma ra'ayina ka yi ta, ka kuma riƙe ta. Kai mai son lissafi ne, to ka lissafa. Hannunka biyu ne. Hanin kakanninku kuwa ya ɗaure hannun dubban mutane da ke kwana da yunwa kunkuru na wucewa ta ƙofarsu. Wanne ya fi tsare dabbar? Ƙungiyar ba hannunka ta ɗauka ba, bakinka ta ɗauka da amincin da dattawa suka ba ka, kuma ka ga da idonka ƙauyuka biyu sun ja baya. Sai dai kafin wuƙa ta sauka, ka tambayi Baffa a gaban mutane iyakar abin da rantsuwar ta hana. Ɗiban ruwa fa? Kafa rumfa? Tura shi da sanda ko tallafo shi da shebur? Ka ji amsa a fili tun yanzu, kada ka zo kana yi wa kanka fassara daga baya.

Sannan ka lura da abin da ya sa ka taɓa. An bar wurin jinya da mutum ɗaya. Wannan giɓi ne, kuma toshe irinsa shi ne ainihin aikin da aka ɗauke ka. Ka zauna da shugabarka, ba da fushi ba, ka yi mata bayani kamar yadda ka yi mini. Ba mugunta ta yi ba, rashin sani ne, kuma wani ɓangare na laifin naka ne da ka rasa ta inda za ka fara. Ta cire hoton. A sa a sharuɗɗan aikinka cewa kai ba ka taɓawa. Kada a sake barin wurin babu mutum biyu marasa hani. A cikin Tsihombe akwai baƙi mazauna, malaman makaranta, 'yan kasuwa, har jandarmomin da ke yin kamun. Likitanku ya koya musu jiƙa kunkuru, a riƙa kiran su in mota ta zo. In kuma za ta taka da ƙafarta ta gaida Baffanka, ta ce masa ba ta sani ba, zai yi wa yarjejeniyarku amfani fiye da duk wani rahoto. Idan ta ƙi waɗannan, to ba ta san abin da ta ɗauke ka dominsa ba, sai ka fara duba wani wurin. Amma wannan maganar gobe ce.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Duk shirin da ka yi, wata rana mota za ta zo a ranar da babu kowa, wasu za su mutu kana tsaye, kuma za ka san da ka sa hannu da sun rayu. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in fara rubutu, na san yadda wannan yake zama a ƙirji. Ba ya fita, sai dai mutum ya koyi tafiya da shi. Babu hanyar da zan nuna maka da ba ta da asara. Wadda na nuna maka ita ce wadda asararta ba ta haɗa da mahaifinka ba.

Yau ɗin nan ka nemi hutu ka tafi. Ka bi ta asibitin gari ka roƙi ma'aikacin lafiya ya raka ka, shi zai shiga inda ba ka shiga, kuma kumburin nan akwai maganin da ke rage shi, ko da bai warkar ba. Ka je wurin Baffa a matsayin ɗa, ka zauna ƙasa, kada ka kare kanka, ka roƙe shi ya sa rana mafi kusa, kada a jira dangin nesa. Shi ma ƙaninsa ne ke kwance, ina zaton ya fi ka ƙosawa ka zo ka roƙa.

Allah ya ba mahaifinka sauƙi. In kuwa lokacinsa ne ya yi, Allah ya sa ya iske ka a cikin ɗakin, zaune a gefensa.

Gwaggonka,
Soazara